Zargi a Bariki: Dokar Sojan Amurka ta 1993 da Darasinta ga Fagen Daga na Zamfara

A ranar 20 ga Satumba, 2011, rundunar sojan Amurka ta daina korar soja don an san ɗan luwaɗi ne ko 'yar maɗigo. Dokar da aka soke, wadda Bill Clinton ya sa wa hannu a 1993, sulhu ce ta 'yan siyasa: hukuma ba za ta tambaya ba, soja kuma kada ya faɗa. A ƙarƙashinta an kori sojoji fiye da 13,000. Birtaniya ta riga Amurka, ta janye nata haramcin a Janairun 2000 bayan Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta yanke hukunci a kanta a 1999.

A ƙasashen biyu dokar farar hula ce ta fara sassautawa, bariki ya biyo baya. Ingila ta cire hukuncin luwaɗi a 1967, Kotun Ƙolin Amurka kuma a 2003. Najeriya hanyar daban ta bi. Zamfara ta fara aiki da dokar laifuka ta Shari'a a Janairun 2000 zamanin Ahmad Sani Yarima, Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi a 2014, sashe na 81 na Dokar Sojoji ya miƙa laifin luwaɗi ga kotun soja, sannan ƙa'idojin aikin soja da Bola Tinubu ya amince da su a Disamban 2024 sun haramta har da shigar mata ga namiji da zanen jiki. Don haka batun janye haramci ba ya kan tebur a nan, kuma duk mai neman kuri'a a Gummi ya san haka. Hujjar wannan maƙala ita ce darasin Amurka a gare mu yana wani wuri: abin da ke faruwa da runduna idan zargi ya yi arha.

Ofishin binciken kuɗi na majalisar Amurka ya ƙiyasta a 2005 cewa maye gurbin waɗanda aka kora cikin shekara 10 ya ci kusan dala miliyan 190, kuma fiye da 300 daga cikinsu masu ilimin harsuna ne irin su Larabci da Farisanci, a daidai lokacin da ƙasar ke yaƙi a Iraƙi da Afganistan. Asarar da ba ta shiga lissafi ta fi wannan. Wasiƙar da aka buɗe, ko raɗar abokin gaba, ta isa a fara bincike. Mata sojoji sun fi shan kora fiye da kasonsu a rundunar, kuma akwai waɗanda suka ba da shaida cewa ƙin amsa neman wani ne ya jawo musu laƙabin 'yan maɗigo. A 1999 aka kashe wani soja, Barry Winchell, a barikin Fort Campbell yana barci, bayan watanni ana yi masa gori, manyansa suna ji.

A nan ne fiƙihun da ake karantarwa a zaurukan Anka da Bukkuyum ya fi ƙa'idar ofis taka-tsantsan. Malikiyya ba ta tabbatar da luwaɗi sai da iƙirari ko shaidu huɗu adalai da suka gani da ido. Wanda ya yi zargi ya kasa kawo su, bulala 80 ce hukuncinsa na ƙazafi, kuma Suratul Hujurat ta hana bin diddigin sirrin mutane. Malaman da suka haramta aikin su ne suka toshe ƙofar tonon asiri. Hukuncin gudanarwa na soja ba ya neman wannan nauyin hujja, kuma inda ƙarami ba ya musu da babba, kalmar hafsa kan zama shaida da hukunci gaba ɗaya. Mu kuwa mun san yadda kalmar ɗan daudu ke manne wa mutum saboda murya ko tafiya kawai.

Za a ce tarbiyya ce ƙashin bayan soja, kuma gaskiya ne. Amma hujjar haɗin kan runduna da aka kafa dokar Amurka a kanta ba ta tsaya ba da aka gwada ta: binciken ma'aikatar tsaro na 2010, wanda Janar Carter Ham ya jagoranta tare da Jeh Johnson, ya nuna kusan kashi 70 na sojojin da suka amsa ba su hango wata babbar illa ba. Abin da ke rusa amana a rami ɗaya shi ne tsoron cewa na kusa da kai yana tara maka magana.

A Janairun 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Mazauna sun ce an kashe kusan 200, gwamnati ta ce 58. Kukan mutanen yankin tun daga lokacin shi ne ƙarancin dakaru da jinkirin zuwansu, abin da ya sa Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara a Janairun 2024. Runduna mai irin wannan giɓin ba ta da sojan da za ta zubar a kan raɗa. Ko da haramcin ya tsaya yadda yake, ya kamata Kwamitin Tsaro na Majalisar Dattawa ya nemi a rubuta ƙarara wace hujja ce ke buɗe bincike, wa ke da ikon duba wayar soja, da hukuncin da zai hau kan wanda ya yi zargi ya kasa tabbatarwa.