Ɗan Jagora da Baƙo: Tarihin Nuna Kayan Fasaha a Birnin Fulorans

Gabatarwa

Birnin Fulorans, wanda mazaunansa ke kira Firenze, yana bakin kogin Arno a yankin Tuskani na ƙasar Italiya. A nan ne zane da sassaƙa da gini suka samu bunƙasar da masana suka sanya wa suna Zamanin Farfaɗowa, tsakanin ƙarni na 14 da na 16. Baƙon da ya isa birnin a yau yakan ɗauki ɗan jagora ya biya shi lada domin ya zagaya da shi. Kalmar jagora a Hausa ta samo asali ne daga jan gorar makaho, kuma ta dace da wannan sana'a, domin baƙo na ganin abin da aka kai shi gabansa ne kawai, yana kuma fahimtarsa gwargwadon bayanin da aka yi masa.

Jagorori na farko

Littattafai ne suka fara yin wannan aiki. A shekarar 1510 wani limamin kirista mai suna Francesco Albertini ya wallafa ɗan littafi da ya lissafa zane-zane da mutum-mutumin birnin, sannan Francesco Bocchi ya fitar da wanda ya fi shi faɗi a 1591. Sai dai babu wanda ya kai Giorgio Vasari tasiri. Shi mai zane ne kuma magini, yana yi wa Cosimo na Ɗaya na gidan sarautar Medici aiki, kuma shi ya tsara ginin Uffizi a 1560. Littafinsa na tarihin rayuwar masu fasaha ya fito a 1550, aka sake buga shi da ƙari a 1568. A cikinsa ya jera labarin tamkar hawan tsani: Cimabue da Giotto suka fara, Brunelleschi da Masaccio suka ɗora, Michelangelo ya kai ƙololuwa. Dukkansu mutanen Tuskani ne kamar marubucin, kuma masu zanen Benis ba su samu rabon da ya dace da su ba.

Haihuwar sana'ar

Daga ƙarni na 17, ƴaƴan masu hali na Ingila suka mayar da ziyarar Italiya cikamakin karatunsu. Sukan taho da malamin da ke kula da tarbiyyarsu, idan sun sauka kuma su nemi ɗan gari wanda ya san majami'u da fadodi. Italiyawa na kiran irin wannan mutum cicerone, daga sunan Cicero, fasihin mai jawabi na tsohuwar Roma, saboda zaƙin bakinsa ko kuwa yawan surutunsa.

Wata yarjejeniya ce ta tabbatar wa sana'ar da abin nunawa. A 1737 Anna Maria Luisa, wadda da ita gidan Medici ya ƙare, ta miƙa taskar danginta ga sababbin masu mulki bisa sharaɗin kada a fitar da komai daga ƙasar. Ba don haka ba, da dukiyar ta watsu a fadodin Turai. A ƙarni na 19 jirgin ƙasa ya kawo matafiya masu matsakaicin hali, riƙe da littattafan Murray da Baedeker. Masanin tarihi Jacob Burckhardt ma sunan ɗan jagoran ya ara ya sanya wa littafinsa na 1855.

Gadon da ke buƙatar tankaɗe

Matsalar ita ce masu nuni sun gaji Vasari da tsabarsa da tsakuwarsa. Ya rubuta cewa Andrea del Castagno ya kashe abokin sana'arsa Domenico Veneziano saboda hassada. An shafe ƙarnuka ana maimaita zancen, har takardun birnin suka nuna cewa Castagno ya mutu a 1457, shekara huɗu kafin mutumin da aka ce ya kashe. Haka kuma zanen da Masaccio ya yi a bangon majami'ar Santa Maria Novella wajen 1427, wanda a yau ake koyar da dabarar nuna zurfi da nisa da shi, gyaran da Vasari da kansa ya yi wa majami'ar ne ya rufe shi, bai sake bayyana ba sai a ƙarni na 19. Matafiyan da suka wuce ta gabansa a tsawon wannan lokaci ba su san yana nan ba.

Ido ma yakan yaudari mai shi. Mutum-mutumin Dawuda da ke tsaye a dandalin Signoria kwaikwayo ne da aka kafa a 1910. Na ainihi, wanda Michelangelo ya sassaƙa tsakanin 1501 da 1504, an mayar da shi gidan tarihi na Accademia tun 1873. Ƙofofin tagulla masu ruwan zinariya da Ghiberti ya kammala a 1452 su ma suna ajiye a gidan tarihin babbar majami'a, waɗanda ke waje madadinsu ne. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a irin wannan wuri gani na buƙatar mai bayani.

Kammalawa

A yau hukuma ce ke ba ƴan jagora lasisi a Italiya bayan jarrabawa, abin da ya rage shaci-faɗi. Duk da haka, zagayen awa biyu ko uku dole ya ɗauki wasu ayyuka ya bar wasu, kuma har yanzu tsanin Vasari ake yawan bi. Ɗan jagora nagari shi ne mai rarrabe abin da takardu suka tabbatar da abin da baki ya yaɗa. Baƙon da ya tambaye shi inda labari ya fito, da wanda ya biya kuɗin aikin, da abin da aka tsallake, shi ke komawa gida da ilmin da ya kai ladan da ya biya.