Kufan Gimi: Garin Isawa Da Ƙudan Tsando Ya Tasa

Ga rubutaccen shirin wannan makon don waɗanda ba su samu saurara ba.

Wani mai sauraro daga Birnin Gwari ne ya jawo zancen yau. Ya ce in ka bi ta dajinsu yanzu, sai ka ga ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa, rumbuna sun rushe, mangwaro na zuba babu mai tsinta. Tambayarsa ita ce, nan da shekara ɗari wa zai san an yi gari a wurin? Sai na tuna da wani kufai a ƙasar Zazzau, wanda ba bindiga ce ta tashe shi ba. Sunansa Gimi.

To, kafin Gimi sai mun leƙa Kano. A zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami, Malam Ibrahim, wanda karatunsa ya kai shi ga ɗaukaka Annabi Isa fiye da yadda sauran malamai suka yarda, yana kuma koya wa almajiransa jiran dawowarsa. Aka nemi ya janye, ya ƙi, aka kashe shi a kasuwar Kurmi. Mabiyansa, waɗanda ake kira Isawa, suka watse, wasu duwatsun Ningi, wasu ƙauyukan gabashin Zazzau. Suna noma, suna karatu, ba su ɗaga murya. Suna tuna mini da 'yan Kwaka na Ingila, waɗanda aka tsangwama kan aƙida har William Penn ya samo musu ƙasa a Amurka a 1681. Bambancin kawai, Isawa ba su da wani babba a fada da zai tsaya musu.

A 1913 wasu daga cikinsu suka iske Likita Mila, ɗan mishan ɗin da ke zaune a Durumin Maigarke cikin birnin Zariya tun 1905. Jama'a da dama daga zuriyar suka karɓi Kiristanci, suka kuma nemi wuri guda da za su zauna tare, bayan shekaru kusan hamsin a warwatse. Aka ba su fili a Gimi. Suka yi sassabe, suka gina ɗakuna da majami'a da makaranta. Wanda aka sa ya zauna da su wani fasto ne baƙar fata daga tsibiran Karibiyan, W. A. Thompson.

A nan nake son ku tsaya da ni kaɗan. Thompson ya fito daga ƙasar rake, ya san yadda ake matse shi a dafa ruwan har ya daskare. Ya ga fadama, ya ga rake, sai ya kawo injin matsa. Masu tarihin mishan a Arewa suna danganta yaɗuwar sana'ar mazarƙwaila a ƙasar Zazzau da wannan aiki nasa. Ni dai duk sanda na ga an jera ta a tire a tasha, Gimi ke faɗo mini a rai.

Amma ruwan da ya ba su rake shi ya ci su. Ƙudan tsando yana son inuwar kurmi a bakin rafi, daidai inda mata ke wanki, yara ke ɗibar ruwa. Ya ciji mai ciwo, ya ciji mai lafiya, shi ke nan. Farko zazzaɓi da ƙulluwa a wuya, a ɗauka abin wucewa ne. Bayan watanni mutum ya fara gyangyaɗi da rana tsaka, ga tuwo a gabansa, daga nan ya rame, ya kwanta. Ciwon barci ke nan. Gimi ba ta cika shekara goma ba aka yi ta binne mutane, har aka haƙura da wurin. Waɗanda suka tsira, yawanci yara, aka kwashe su zuwa Zariya wurin Mila, sannan a 1929 mishan ɗin ya koma Wusasa.

Abin da ke ba ni takaici, sai a shekarun 1930 da 1940 Turawan mulki suka tashi haiƙan kan cutar a yankin Anchau, suka sare kurmin bakin rafuka, suka haƙa rijiyoyi, suka gina sabon gari mai suna Takalafiya. Da an yi haka shekara ashirin kafin nan, wataƙila da Isawa na nan a garinsu.

Zuriyar ba ta ɓace ba. Daga cikinta aka sami Farfesa Ishaya Audu, haifaffen Anchau a 1927, likitan yara, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, daga baya ya zama ministan harkokin waje a mulkin Shagari.

Ɗan'uwa na Birnin Gwari, ka ce kakarka na da rai kuma daga ɗaya cikin ƙauyukan nan ta fito. Don Allah ka ɗauki muryarta a waya, ta faɗi sunan garin, da na rafin, da gidajen da ke kusa da nasu, ka turo mana mu sa a shiri na gaba.