Tasirin kafofin sada zumunta ga masu fasaha

Tasirin kafofin sada zumunta ga masu fasaha shi ne sauyin da dandamali irin su YouTube, Instagram, TikTok da X suka kawo a yadda mawaƙa, masu zane, masu ɗaukar hoto da 'yan fim suke ƙirƙirar aiki, da kuma yadda suke auna darajar kansu. Kafin zuwan waɗannan kafofi, mai fasaha yakan bi ta hannun kamfanin waƙa, gidan rediyo ko gidan baje koli kafin jama'a su san shi. A yau yana iya sakin aikinsa da kansa, ya ga martani cikin mintuna.

Tarihi

An kafa YouTube a 2005, Instagram a 2010, TikTok kuma ya shiga kasuwar duniya a 2017. A 2016 Instagram ya daina jera saƙonni bisa lokacin da aka wallafa su, ya koma tsarin kwamfuta da ke zaɓar abin da zai fi jan hankalin mai kallo. Tun daga nan, yawan mutanen da za su ga aiki ya dogara sosai ga yawan martanin da ya samu.

Damar da suka buɗe

Kafofin sun fito da masu fasaha da dama. A YouTube aka gano mawaƙin Kanada Justin Bieber. Waƙar "Old Town Road" ta Lil Nas X ta bazu a TikTok a 2019, ta yi makonni 19 a saman jadawalin Billboard na Amurka. "Love Nwantiti" ta mawaƙin Najeriya CKay ta fito a 2019, amma sai a 2021 ta karaɗe duniya ta hanyar TikTok. A watan Fabrairun 2019, Eli Waduba, mai zane da fensir mazaunin Kaduna, ya sa hoton ɗan wasan barkwanci Kevin Hart da ya zana a Twitter; Hart ya gani, ya ce zai saya, ya kuma nemi a yi masa wasu. A 2020, waƙar "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta ƙara shahara bayan da mata suka riƙa sakin bidiyon rawarta a lokacin kullen korona.

Tasiri ga ƙirƙira

Binciken da Teresa Amabile ta wallafa a 1979 ya nuna cewa mutanen da aka gaya wa za a tantance zanensu sukan yi aikin da bai kai na sauran ƙirƙira ba. Kafofin sada zumunta kuwa suna sa mai fasaha cikin tantancewa a kullum. Hakan kan ja shi ga maimaita salon da ya taɓa karɓuwa, ya guji gwada sabo. Haka kuma tsarin dandalin yakan juya siffar aikin kansa, kamar gina waƙa a kan ɗan gajeren yanki da zai dace da bidiyon rawa.

A watan Mayun 2022, Halsey ta Amurka ta yi zargin cewa kamfaninta ya ƙi sakin waƙarta "So Good" sai an shirya abin da zai sa ta bazu a TikTok. An saki waƙar a watan Yuni. A watan Yulin shekarar, mai ɗaukar hoto Tati Bruening ta jagoranci koke kan yadda Instagram ya fifita bidiyo a kan hotuna, kuma kamfanin ya janye wasu daga cikin sauye-sauyen.

Tasiri ga yarda da kai

A 1954 Leon Festinger ya kawo ra'in cewa mutum yana auna iyawarsa ne ta hanyar kwatanta kansa da wasu. A waɗannan kafofi, mai koyo yana kwatanta aikinsa na farko da kammalallen aikin gwanaye, ba tare da ganin shekarun da suka yi suna gwaji ba. Adadin mabiya da na masu nuna so kuma yakan zama ma'auni, alhali yana iya sauka don an sauya tsarin dandali, ba don aikin ya lalace ba. Ga kuma zagi da cin mutunci daga waɗanda suka ɓoye sunansu.

A 2019 Instagram ya fara gwajin ɓoye adadin masu nuna so a Kanada, yana mai cewa zai rage matsi, a 2021 kuma ya bar wa kowa zaɓi. Wasu fitattu sun ɗauki hutu: Ed Sheeran ya bar kafofin na shekara guda daga Disambar 2015, Tom Holland kuma ya sanar da janyewarsa a Agustan 2022 saboda lafiyar ƙwaƙwalwa.

Basirar na'ura

Wata damuwar ita ce amfani da ayyukan da aka wallafa wajen horar da manhajojin zana hoto. A Disambar 2022 masu zane sun yi zanga-zanga a dandalin ArtStation. A watan Yunin 2024, dubban ɗaruruwa sun yi rajista da Cara, dandalin da mai ɗaukar hoto Jingna Zhang ta kafa, bayan ta bayyana cewa Meta na horar da manhajojinsa da hotunan da ake sawa a bainar jama'a.