Ƙamshin Ɗakunanmu: Daga Kasuwar Kurmi Zuwa Sharaɗa

Duk wadda ta taɓa zuba humra a tafin hannu ta san ƙamshinta hawa-hawa ne. Da farko akwai kaifin nan mai hawa kai, shi ba ya daɗewa. Can sai fure da kanumfari su fito. Wanda ke kwana a zani har ya tsallake wanki kuwa shi ne gindin ƙamshin: itace, saiwa, da wani abu kamar ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko. Mu masu sayar da turare a Hotoro wannan gindin ne jarinmu, kuma ya girmi kwalba nesa ba kusa ba.

Kasuwar Kurmi tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. A 1851 wani Bajamushe, Heinrich Barth, mai kiran kansa Abdulkarim, ya sauka Kano ya rubuta kayan da raƙuma ke kawowa ta hamada. A ciki akwai lubban, jawul, kanumfari da man wardi. Amma man wardi na manya ne. Matar talaka abin da take da shi kajiji da saiwar jema, waɗanda ake tonowa a fadama, a shanya, a daka. Su ne ke ba da ƙamshin ƙasar nan, har yau kuma babu turaren kanti da ya maye gurbinsu.

Humra kuwa daga gabas ta zo mana, kowa ya san gwanayenta matan Barebari da Shuwa ne. Kafin jirgin sama, alhazai a ƙasa suke tafiya ta Borno, Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, wasu su shekara da shekaru a Sudan. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, ɗimbin mutanenmu suka yi hijira, har suka kafa garin Mai Wurno a can. Wannan hanya ta kai-komo ita ta haɗa mu da ɗorot, sandal ɗin Indiya, da farce.

Farcen nan ya cancanci a tsaya a kansa. Murfin bakin wani dodon-koɗin teku ne, kuma ɗanyensa ƙarni yake kamar kifi. Sai an jiƙa, an kankare, an wanke, an soya, sannan a daka. Shi kaɗai ba wani daɗi gare shi ba, amma shi ke riƙe sauran ƙamshin kada ya gudu. Mai gaggawa da ta rage wanki, humrarta za ta tona mata asiri bayan sati biyu.

Sai zamanin kwalba. A 1920 wani Baturen Ingila, Eric Burgess na kamfanin W.J. Bush, ya haɗa Bint el Sudan bisa irin ƙamshin da mutanen Sudan ke so. Mai ne zalla ba barasa a ciki, shi ya sa ya shiga masallaci, ya shiga lefe, ya shiga likkafani. Mu Bintu Sudan muke ce masa, kuma kamfanin Gongoni da ke Sharaɗa ke ɗura shi, ga shi nan kusa da mu. Abin lura, bai kori humra ba. Iyayenmu cikin haɗi suka riƙa zuba shi, ya zama ɗaya daga cikin kayan aiki.

Matsalar yau ita ce tsada. Sandal da madarar turare da dala ake shigo da su, sai algus ya yi yawa: a rina itacen banza, a fesa masa turare, a ce sandal ne. A hanci ba za ki gane ba, 'yar uwa. Ɗora shi a garwashi. Na gaske yana ƙara daɗi yayin da yake ci, na ƙarya minti biyu sai hayaƙi mai sa tari. Shi ya sa idan ƙungiya za ta yi sari a dunƙule muke tafiya da kasko. Mai aurar da 'ya kuma ta kawo aikinta aƙalla wata guda kafin biki, don humra sai ta kwanta a kwalba kafin kaifin ya sauka itacen ya fito.