Masu Ridda a Ƙofar Ikilisiya: Muhawarar Kartaj Kan Gafara

A shekara ta 250 Miladiyya, Sarkin Rum Desiyus ya umarci kowa a daularsa ya miƙa hadaya ga gumaka, a ba shi takardar shaida. Kiristoci da dama sun miƙa. Waɗansu kuma cin hanci suka bayar, suka karɓi takardar ba tare da sun kusanci gunki ba. Da ƙura ta lafa sai ga su a ƙofar ikilisiya, suna kuka suna neman a karɓe su.

Nan rigima ta tashi. A birnin Rum, wani malami mai suna Nobatiyan ya kafe cewa ikilisiya ba ta da ikon yafe ridda, sai dai a bar wa Allah. Ba a rasa hujja a bakinsa ba: akwai waɗanda aka azabtar har suka mutu saboda sun ƙi yin hadayar, to yaya za a zaunar da wanda ya sayi takarda kusa da gwaurayensu? A Kartaj kuwa, cikin Tunisiya ta yau, waɗanda suka sha ɗauri saboda bangaskiya ne ke rubuta wa masu ridda wasiƙun afuwa, har abin ya zama kamar rabon goro.

Bishop Sifiriyan na Kartaj, wanda shi kansa ɓuya ya yi lokacin tsanantawar, ya ƙi ɓangarorin biyu. Taron bishop-bishop da ya jagoranta a Kartaj a 251 ya yanke cewa za a duba kowa bisa laifinsa. Wanda ya sayi takarda zai iya dawowa bayan ya nuna tuba. Wanda ya yi hadaya zai daɗe cikin tuba, amma ba za a bar shi ya mutu ba tare da Jibin Ubangiji ba.

Matsayin Sifiriyan ya fi dacewa da Linjila. Bitrus ya yi musun Almasihu sau uku, ya yi kuka mai zafi, kuma shi aka damƙa wa kiwon tumakin. In ridda ta fi ƙarfin jinƙan Allah, da babban manzo ne zai fara zama a waje. Amma kukan ya riga gafarar zuwa, abin da masu rabon wasiƙu suka manta ke nan.

A ƙarshe Sifiriyan bai guje wa mutuwa ba. An sare kansa a 258, zamanin Sarki Baleriyan.