Gonar da ta kan Zama Birni

A kudu maso yammacin ƙasar Ingila akwai wani lardi da a ke kira Somerset, ƙasar makiyaya ce mai yawan ciyawa da fadamu. A cikinsa akwai wani ɗan ƙauye wai shi Pilton, kamar mil 6 daga garin Glastonbury. Mutanen ƙauyen duka ba su wuce dubu da 'yan kai ba. Amma a yawancin shekaru, in ƙarshen watan Yuni ya zo, sai mutum wajen 200,000 su sauka a wata gona da ke gefen ƙauyen, kowa ya kafa tantinsa, su yi kwana biyar suna sauraron makaɗa da mawaƙa. In an watse kuwa, a share wurin, shanu su komo kiwonsu. To, yadda aka yi wannan gona ta iya ɗaukar baƙi masu yawa haka, ba ta lalace ba, hukuma kuma ba ta hana taron ba, shi ne labarin da za mu ba ku.

Da farko ya kamata mai karatu ya san ƙasar Ingila ba ta da damina da rani irin namu. Ruwa ya kan sauko a kowane wata. Sai dai watan Yuni shi ne farkon lokacin ɗuminsu, yini ya kan yi tsawo ƙwarai, har ƙarfe tara na dare rana ba ta faɗi ba. Don haka ne su ke zaɓen wannan lokaci su kwana a fili. Amma fa ba wanda ya ke da tabbacin sama za ta bar shi ya kwana a bushe.

Sunan gonar Worthy, mai ita kuwa Michael Eavis. An haife shi a 1935. Yana saurayi ya shiga aikin jirgin ruwa na fatauci, sai mahaifinsa ya rasu a 1954, ya komo gida yana da shekara 19, ya gaji eka 150 da shanun tatsa 60. Ya yi shekara goma sha shida yana tatsar madara yana sayarwa, ba wanda ya san shi sai maƙwabta.

A zamanin nan samarin Turai da Amurka sun shiga yayin taruwa a fili domin jin kiɗa. A watan Agusta na 1969 an yi wani babban taro a Amurka wanda a ke kira Woodstock, shi ma a gonar wani mai shanun tatsa, inda mutum wajen 400,000 suka hallara, hanyoyi suka cushe, abinci ya ƙare, ruwan sama kuma ya mai da wurin caɓi. A watan Yuni na 1970 aka yi wani irinsa kusa da Shepton Mallet, ba nisa da Pilton. Eavis ya tafi kallo, abin ya shiga ransa, ya ce shi ma sai ya yi nasa a gonarsa.

Ran 19 ga Satumba, 1970, ya buɗe ƙofar gonarsa. Mutum 1,500 suka zo. Kuɗin shiga fam ɗaya ne, a ciki har da wurin kwana da madarar shanun gonar kyauta. Babban mawaƙin ranar sunansa Marc Bolan. Da aka tashi aka yi lissafi, sai mai gona ya ga hasara ya yi, har ladan mawaƙin ma sai da kaɗan kaɗan ya biya daga kuɗin madara.

Da shekara ta kewayo, a 1971, waɗansu mutane suka karɓi shirin taron, a cikinsu har da Andrew Kerr da Arabella Churchill, jikar Winston Churchill wanda ya shugabanci Ingila a Yaƙin Duniya na Biyu. Su ne suka mai da shi watan Yuni, suka kuma ce kowa ya shiga kyauta. Suka gina dandamalin makaɗa bisa siffar babbar dalar nan ta Masar, mai faɗin gindi da tsinin kai. Mutum wajen 12,000 suka zo. Zangon wannan zamani ba shi da wani tsari. Wanda ya ke da tanti ya kafa inda ya ga dama, wanda ba shi da shi ya shimfiɗa bargo gindin itace, a hura wuta a kewaye ta har gari ya waye.

Bayan wannan aka yi shekaru ba a yi wani taron kirki ba. Na 1979 ma hasara aka yi. Sai a 1981 Eavis ya riƙe al'amarin da hannunsa sosai. Ya haɗa kai da ƙungiyar nan ta masu neman a kawar da makaman nukiliya, aka sayar da tikiti fam 8, mutum 18,000 suka zo, aka sami riba, ya ba ƙungiyar fam 20,000. A shekarar nan aka sake gina dalar da turakun wayar tangaraho da kwanon rufi. Dabarar manomi kuwa ba ta ɓuya: in taro ya watse, lokacin sanyi ya zo, sai dalar ta zama garken shanu da rumbun harawa.

To, da taro ya fara girma sai mutanen Pilton suka fara kuka. Ga ƙarar kiɗa har tsakar dare, ga motoci sun tare 'yan hanyoyinsu, ga baƙi suna ratsa gonaki suna karya shinge, waɗansu kuma a buge da giya ko ƙwaya. A 1983 wata sabuwar doka ta ba majalisun gundumomi ikon tsara irin waɗannan tarurruka. Saboda haka dole Eavis ya nemi lasin daga Majalisar Gundumar Mendip. Majalisa ta yanka masa ƙa'idodi: kada a wuce mutum 30,000, a tanadi ruwan sha, a tanadi makewayi, a gyara hanyoyin shiga da fita. Daga ran nan aikin mai gona ya zama irin na sarkin zango da na duba-gari a haɗe. An sha kai shi kotu a kan zargin saɓa ƙa'idodin, an kuma sha ja-in-ja da shi kafin a sabunta lasin. A cikin waɗannan shekaru ne makaɗan Nijeriya suka fara hawa dandamalin, Sunny Ade a 1983, Fela Kuti a 1984.

Akwai wata jama'a a Ingila a zamanin masu yawo cikin tsofaffin motoci, ba su da mazauni ɗaya. Eavis ya kan bar su su sauka kyauta a gefen gonar. A 1990, bayan an gama taro, faɗa ya tashi tsakaninsu da masu gadi, aka ƙona kaya, aka kama mutum 235. Saboda wannan ba a yi taro a 1991 ba. Daga 1992 aka fara ba da ribar ga ƙungiyoyin taimako, Oxfam da Greenpeace, daga baya aka ƙara da WaterAid, wadda aikinta shi ne samar wa matalauta ruwan sha da makewayi a ƙasashe da dama. A 1994 kuma dalar ta ƙone ƙurmus saura 'yan kwanaki a buɗe ƙofa, aka yi sauri aka kafa wani dandamali, taro bai fasa ba.

Babban abokin gabar mazauna zangon shi ne ruwan sama. Gonar tana cikin kwari ne, ƙasarta kuwa laka ce mai riƙe ruwa. In aka yi ruwa kwana biyu, sa'an nan ƙafa dubu ɗari ta tattaka wurin, sai ciyawa ta ɓace, taɓo ya kai ƙauri. Haka aka yi a 1985, da 1997, da 1998. A 2005 kuwa, ran Jumma'a da asuba, hadari ya taso da tsawa, cikin 'yan sa'o'i aka zuba ruwan da ya kai na makonni. Waɗanda suka kafa tantunansu a gangare suka farka suka ga kayansu na iyo, tantuna ɗaruruwa suka nutse. Bayan wannan aka kashe kuɗi mai yawa wajen haƙa magudanai. Su kuma masu zuwa suka koyi abin da kowane bafatake ya sani tun dā, watau ba a sauka a kwari ko bakin rafi, sai a kan tudu. Shi ya sa in za a buɗe ƙofa ran Laraba da safe, waɗansu tun dare su ke kwana a layi, domin su riga samun wuri mai kyau, kowa da takalmin roba mai dogon wuya a cikin kayansa.

Amma abin da ya kusa kashe taron ɗungum shi ne masu shiga ba tikiti. Shekara da shekaru samari suna haura shinge, ko su haƙa rami ta ƙarƙashinsa, har abin ya zama abin alfahari. A 2000 an ba da lasin na mutum wajen 100,000, amma aka ƙiyasta waɗanda suka shiga ta ɓarauniyar hanya sun kusa yawan masu tikiti. Ruwa da makewayi da hanyoyin da aka shirya domin mutum ɗaya, sai ga mutum biyu a kansu, ɓarayi kuma suka yi ta yanka tantuna suna kwashe kaya. Bayan 'yan kwanaki, ran 30 ga Yuni, a wani taron kiɗa a Roskilde ta ƙasar Danmak, jama'a suka matsu gaban dandamali, mutum 9 suka mutu. Hankalin hukuma ya tashi. Aka ci Eavis tara domin an wuce adadin lasin, a 2001 kuma ba a yi taro ba. Majalisa ta nuna a fili cewa in ba a san yawan mutanen da ke ciki ba, ba sauran lasin.

Saboda haka a 2002 aka kewaye wurin da ganuwar ƙarfe wadda ta fi tsawon mutum biyu, kuɗinta wajen fam miliyan ɗaya. Waɗansu tsofaffin masu zuwa suka yi gunaguni, suka ce an kori talaka, taron 'yanci ya zama na masu kuɗi. Maganarsu kuwa ba ta rasa gaskiya ba, gama tikitin da ya fara da fam ɗaya ya haura fam 370 a 2025. Amma ba a musun cewa ganuwar ce ta sa aka ci gaba da ba da lasin. Tun 2007 kuma sai mutum ya yi rajista da hotonsa kafin ya sayi tikiti, domin a hana 'yan baranda saye su sayar da tsada. Duk da tsadar, tikitin ya kan ƙare cikin ƙasa da sa'a guda.

A 'yan shekarun nan lasin ya kai mutum 210,000, har da ma'aikata da makaɗa, filin kuwa ya kai eka 900 ko fiye, domin a kan haɗa da gonakin maƙwabta. Cikin kwanakin nan biyar akwai kasuwanni, da asibiti, da 'yan sanda, da masu kashe gobara, da unguwa dabam ta masu iyali. An gina manyan tankuna biyu a ƙarƙashin ƙasa, kowane yana cin lita miliyan ɗaya na ruwa. Makewayi kuwa dubbai ne. A kan yi ta roƙon jama'a kada su yi fitsari a ƙasa, domin yana gangarawa cikin rafin Whitelake ya kashe kifi. A 2014 wani tankin ƙazanta ya yi yoyo cikin rafin, kifaye suka mutu, kotu ta ci masu taron tara a 2016.

Ran Litinin in baƙi sun tafi, sa'an nan aikin mai gona ya ke farawa. A dā mutane da yawa su kan tafi su bar tantunansu a kafe, da kujeru, da barguna, domin sun saye su da araha, sun kuma gaji da ɗauka. Aka yi shekaru ana yi musu gargaɗi, har a 2019 masu taron suka ba da labari cewa cikin tanti ɗari, fiye da 99 masu su sun tafi da su. A shekarar ce kuma aka hana sayar da ruwa cikin gorar roba. Duk da haka sai an yi makonni ana tsintar shara da hannu. Daga ƙarshe a ɗaura wa tarakta babban mayen ƙarfe a bi fili da shi, domin ya tsince turakun tanti da suka saura cikin ciyawa, gama in saniya ta haɗiye guntun ƙarfe yana iya huda mata tumbi ta mutu.

Akwai kuma wata al'ada da kowane manomi zai gane. Bayan kamar shekara biyar biyar a kan bar gonar ta zama saura, ba a yin taro, domin ƙasa ta huta, ciyawa ta komo, mutanen ƙauye su ma su sami barci. An yi haka a 1988, da 1996, da 2006, da 2012, da 2018, an kuma ajiye 2026. Na 2020 da 2021 kuwa annobar korona ce ta hana. Ba ƙaramar dukiya a ke bari ba a kowace shekarar hutu, amma mai gona ya san in ƙasa ta mutu, da shanun da taron duka sun tafi.

Da tsufa ya kama Michael Eavis, 'yarsa Emily ta karɓi ragamar shirin. A 2024 Sarkin Ingila ya ba shi lambar girma ta Sir, a shekarar ce kuma Burna Boy na Nijeriya ya yi wasa a kan dala ta uku, wadda aka gina a 2000. Majalisar Mendip da suka daɗe suna ja da juna an rushe ta a 2023, lasin ya koma hannun Majalisar Somerset.

Wanda ya duba wannan tarihi zai ga makaɗa sun zo sun wuce, waɗansu an manta da sunansu. Abin da ya riƙe taron fiye da shekara hamsin shi ne ruwan sha, da makewayi, da magudanai, da sanin adadin baƙi, da haƙurin maƙwabta, da barin ƙasa ta huta. Kowane ɗaya daga cikinsu kuwa sai da aka sha wuya kafin a koye shi. Duk mai shirin tara jama'a a fili, ko domin biki ne, ko kasuwa, ko wa'azi, ya kamata ya fara lissafin waɗannan kafin ya aika wa makaɗi goron gayyata. Allah ya sa mu amfana da abin da muka karanta, amin.