Daga Fito zuwa Gada: Tarihin Hanyar da ta Haɗa Njamena da Ƙetaren Kogi

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi bayani a kan tarihin hanyar da ta haɗa Njamena, babban birnin ƙasar Chadi, da unguwannin da ke ƙetaren Kogin Shari, da kuma garin Kusuri na ƙasar Kamaru. Manufarta ita ce a nuna cewa rayuwar wannan birni ta daɗe tana rataye a kan mashigi guda, wato inda ake ƙetare ruwa, da kuma yadda wannan mashigi ya sauya daga kwalekwale zuwa jirgin fito, daga nan zuwa gada.

2.0 Yanayin Wurin

Njamena tana zaune ne a bakin Kogin Shari, daidai inda Kogin Logon yake zubowa cikinsa. Wanda ya tsaya a Sabangali, unguwar bakin kogi wadda Bahaushe kan ji amon "sabon gari" a cikin sunanta, zai hangi wata ƙasa mai kwari a ƙetare. Wannan ƙasa tana tsakanin kogunan biyu, kuma ta Chadi ce. A cikinta ne unguwannin Waliya da Ngeli suke. Sai an wuce ta, an ƙetare Logon, sannan a shiga Kamaru. Ke nan mai son zuwa Kusuri da mota, ruwa biyu ne a gabansa.

Waɗannan koguna ba su da hali ɗaya a duk shekara. Sukan cika su batse wajen Oktoba da Nuwamba, sannan su janye da bazara har yashi ya fito fili. Saboda haka matsalar matafiyi iri biyu ce: ko ruwa ya yi yawa, ko ya gaza ɗaukar jirgi.

3.0 Zamanin Fito

Kusuri ta girmi Njamena nesa ba kusa ba. Tsohon gari ne na Kotoko, mutanen da suka shahara da su da sarrafa kwalekwale. A kusa da shi ne sojojin Faransa suka gwabza da Rabe ranar 22 ga Afrilu, 1900, inda aka kashe Rabe da kuma kwamandan Faransawa, Lamy. A watan Mayu na wannan shekara Emile Gentil ya kafa sansani a ƙetaren kogin, ya raɗa masa suna Fort-Lamy. Sai a 1973 Shugaba Tombalbaye ya sauya sunan zuwa Njamena.

Da Turawa suka raba ƙasa, Kusuri ta faɗa hannun Jamus, Fort-Lamy tana hannun Faransa, kogin da ya haɗa mutane ya zama iyaka. Amma hakan bai hana zirga-zirga ba. Fatake daga Kano da Borno, da maniyyata masu tafiya Makka a ƙasa, sukan biyo ta Dikwa su ƙetare a nan, sannan su nufi Abeshe da Sudan. Da yawa daga cikinsu sun yada zango don neman guzuri, zangon ya zama zama. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake da Hausawa a birnin. Da motoci suka yawaita, sai aka kawo jirgin fito mai ɗaukar mota, amma babbar mota kan yi dogon jira a bakin ruwa.

4.0 Gadar Shagwa

Gada ta farko ita ce ta Shagwa, a kan Shari, gaba da Sabangali ta wajen da ruwan yake gangarowa. An gina ta ne a daidai lokacin da Chadi ke karɓar mulkin kai, wanda ta samu ranar 11 ga Agusta, 1960. Gada ce siririya mai layi ɗaya, motocin wannan ɓangare su wuce, na wancan su jira. Duk da haka ta haɗa babban birnin da kudancin ƙasar, inda ake noman auduga, wadda ita ce babbar hajar Chadi a wancan zamani. Sai dai ba ta warware matsalar fita waje ba, domin Logon yana nan ba gada.

5.0 Yaƙi, Fari da Gadar Ngeli

Chadi ba ta da teku. A wancan zamani kayanta na shigowa ne ta Najeriya, inda jirgin ƙasa ya isa Maiduguri a 1964, ko kuma daga tashar Duwala, mai nisan kimanin kilomita 1,800, inda dogo ya isa Ngaundere a 1974. A lokacin, hanyoyin biyu duk a Kusuri suke tuƙewa.

Abubuwa biyu ne suka fito da haɗarin wannan hali. Na farko shi ne yaƙin basasa. A 1980, lokacin da dakarun Gukuni Weddeye da na Hissen Habre suka shafe watanni suna faɗa a cikin birnin, dubun dubatar mutane sun tsere zuwa Kusuri a kwalekwale, wasu ma da ƙafa a inda ruwa ya janye. Na biyu shi ne farin 1984 zuwa 1985. Ana bukatar abincin agaji da gaggawa, ga shi Najeriya ta rufe iyakokinta tun Afrilun 1984, ruwa kuma ya ja baya har fito ya yi wuya. A cikin wannan matsi ne aka samu gadar Ngeli a kan Logon a 1985. Daga nan mota ta iya tasowa daga Kamaru ta shiga Njamena ba tare da ta hau jirgi ba.

6.0 Abin da Gadojin suka Haifar

Gada takan jawo gari. Waliya da Ngeli da Tukra sun cika da gidaje har suka zama gunduma ta tara ta birnin, aka kuma gina harabar Jami'ar Njamena a Tukra. Cunkoso ya sa aka ƙara wata gada mai layi biyu a kan Shari.

Haka kuma gada ta zama ƙofar tsira da ta tsaro. A farkon Fabrairun 2008, da 'yan tawaye suka kutsa cikin birnin, dubban mutane sun bi ta gadar Ngeli zuwa Kusuri. A Janairun 2015 kuma sojojin Chadi suka shiga Kamaru don yaƙar Boko Haram, wadda hare-harenta suka gurgunta hanyar Maiduguri zuwa Gamboru, suka ƙara wa hanyar Duwala nauyi.

Akwai kuma illa. Ƙasar da mutane suka cika a ƙetare fadama ce da kogi ya saba malala a cikinta. A ambaliyar Oktoban 2022, Waliya da Tukra na cikin wuraren da suka fi shan wahala, iyalai da dama suka bar gidajensu a kwalekwale.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa gadar Shagwa ta haɗa birnin da sauran ƙasarsa, ta Ngeli kuma ta haɗa shi da ƙasashen waje, kuma ƙuncin yunwa ne ya gaggauta ta biyun. An kuma ga cewa sauƙin ƙetare ruwa ya kai jama'a zama a inda ruwa ke kwana. Don haka aikin da ke gaban hukumomi ya wuce gina gada kawai, ya haɗa da jinga da magudanan ruwa da tsara inda za a yi gini, domin kare mazauna ƙetaren kogi.